Sanƙon Arzika

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Takarda daga mahaifinka Arzika, na bakin hanyar gulbi a Gaya, zuwa ga autana da ke Yamai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki da ruwan sha mai kyau, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin zuciyarka. Uwarka tana gaishe ka. Maƙwabcinmu Kimba ma ya ce a gaishe ka, wai ka fi ubanka hankali. Na ce a rubuta, don ka san har yanzu bai daina ƙarya ba.

Bayan haka, Malam Garba ne ke rubutawa, da ajami, don in ga ko lakwal, makarantar bokon nan, ta bar maka wani abu na allo. Ni ban san baƙi ba, amma na san abin da na faɗa, kuma sai ya karanta mini tun daga farko kafin a liƙe.

Ranar da ka hau kamiyo, babbar motar kayan nan, ban ce maka komai ba sai Allah Ya kiyaye. Tasha ba wurin magana ba ce. Amma tun da ka gaya mini aikin da aka ba ka abin yake cina. Wai kana cikin masu awon hanya da filaye, kai ne mai riƙe igiya da gwangwanin jan fenti, itacen da ya tsaya a kan layi ka shafa masa alama, masu gatari su biyo baya. Auta, hannun da ke riƙe wannan gwangwani na san shi, na taɓa kokawa da shi. Yau ga shi ya zama hannun ɗana. Shi ya sa zan gaya maka wautar da na tafka a kan itatuwa, kuma ba zan wanke kaina ba.

Ta farko, tsamiyar gidanmu. Ba ka tarar da ita ba. A tsakar gida take, kakana ya iske ta nan ya ja danga ya kewaye ta. Mutum uku ba sa iya rungume ta. Shamuwa na sheƙa a kanta, kuma duk shekara in suka sauko sai babana ya fiddo iri ya shiga gyaran hauya, ba ya tambayar kowa ko ruwa ya kusa. Da ya rasu gida ya dawo hannuna. Lokacin ina ɗaukar kayan fatake daga jirgi zuwa kasuwa, ina ganin sorayen 'yan kasuwa, sai na ce ni ma sai na yi soro. Kuma ba inda ya yi mini sai gindin tsamiya.

Inna, kakarka, ta ce, "Kai, ni kuma ina zan yi kaɗi?"

Na ce, "A ɗaki, Inna. Sabo zan gina miki."

Ta ce, "Matan unguwa fa, su ma a ɗakin za su zauna? Da tsuntsayen?"

Na yi dariya, na ce tsuntsu ba ya cikin masu gado.

Kwana huɗu muka yi muna saranta. Soro ya tashi, mutane suka zo suka yaba. Da bazara ta shigo sai gida ya zama tanda. Ruwan randa ya daina sanyi. Matan da ke zuwa da audugarsu su yini suna hira da Inna suka koma gidan da ke da inuwa. Ba faɗa aka yi ba, rana ce ta kore su. Shamuwa suka zo suka yi ta kewaya sama kwana biyu, suka wuce. Inna ta shiga sabon ɗakin nan ta zauna. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba. Sai dai ta rage magana, ta rage ci, mazarinta ya yi ƙura a lungu. Damina biyu ta ƙara ta tafi. Ban ce rashin tsamiya ya kashe ta ba, rai na Allah ne. Amma na san lokacin da ta daina dariya, kuma na san wanda ya riƙe gatari.

Don haka in ka tsaya gaban itace, kada ka dubi kaurinsa da tsawonsa kaɗai. Ka tambaya wa ke zama a nan, wa ke tsinka, wa ke ɗaure akuya, wace tsohuwa ce ba ta da wani zaure sai shi.

Ta biyu ta fi muni, don da gangan na yi ta. Zamanin aikin dole, wani kwamandan Nasara ya ce a dasa madaci a jere daga gidansa har bakin gulbi, hagu da dama. Kowane magidanci na bakin hanya aka ɗora masa bakwai: ka yi musu shinge, ka ɗebo ruwa daga gulbi safe da yamma, gardi na biye da bulala. Nawa bakwai suna daidai ƙofar gidana, na maƙwabcina Kimba, Bazabarmen nan, suna bin nawa ta wajen tudu. Lokacin noma ne. Gerona na can ciyawa na cinye shi, ni ina nan ina shayar da itacen Nasara. Wata rana shinge ɗaya ya faɗi, gardi ya zabga mini bulala a gaban uwarka. Na haɗiye. Na je kasuwa na sayo gishirin Foga, ina narka shi cikin tulu, ina zubawa a gindinsu da rana kata, gardi na tsaye yana cewa yawwa, haka ake so.

Kimba ya gane, don ya ga farin gishiri ya fito a bakin rami. Ya ce, "Arzika, miya kake dafawa?"

Na ce, "Ta Nasara ce, ba ya son lami."

Ya ce, "Shi Nasara zai koma garinsu. Kai ina za ka koma?"

Na ce ya kula da nasa.

Duk bakwai ɗin suka bushe. Aka ce gara ce. Kafin a sa ni sake dasawa aka ɗauke kwamandan, wanda ya gaje shi kuwa ba ruwansa da itace. Na yi ta taƙama a zuci, wai ni na ka da Nasara. Shekaru suka wuce, madacin kowa ya haɗe kai a sama, hanya ta zama rumfa tun daga tudu har ruwa, ban da ƙofar gidana, fili fetal. Mai tafiya in ya iso nan sai ya ɗaga ƙafa, jaki ma sauri yake ƙarawa. Uwarka ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, ba mai tsayawa, sai da ta roƙi matar Kimba wuri. In zazzaɓi ya kama ɗaya daga yayyenka, ni da kaina nake zuwa ɓarar ɓawon madacin Kimba. Shi kuwa ya raɗa wa wurin suna Sanƙon Arzika, har baƙi suka ɗauka. Ka ji mutum ya ce, "Ina gidan wanzami?" A ce masa, "Wuce Sanƙon Arzika ka karya dama."

Kwamandoji sun zo sun tafi bayan wancan, ba wanda ya san da gishirina. Ni kaɗai na sha ranar. Za a ɓata maka rai a biro, ofishin naku, Auta. Wani zai zage ka a gaban mutane don yana da hula. Ka ji haushinsa, ba zan hana ka ba, ni ma har yau ban yafe bulalar nan ba. Amma kada ka huce a kan abin da zai daɗe bayanku ku biyu.

Shekarar da aka yaye ka na ce sanƙo ya ishe ni. Na samo madaci bakwai na dasa a layi kamar sojoji, don in rufe bakin Kimba. Uwarka ta ce ƙasar ta sha gishiri, in kwashe ta in zubo ta fadama, kuma in haɗa da abin da ake ci. Na ce mata ni na kashe, ni na san yadda zan tayar. Suka mutu. Na sake, suka mutu. Damina uku ina wannan taurin kai.

Ita ba ta sake tanka mini ba. Akwai tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini a gefen gidanmu, inda unguwa ke zubar da shara. Duk sanda ta je ganin gida ƙauyensu Bana sai ta dawo da ƙulli a bakin zane. Ta binne ƙwallon giginya, ta watsa 'ya'yan tsamiya da kanya da ɗinya, ta soka zogale da lalle. Ƙwallon mangwaron da wani mai jirgi ya kawo daga Dahome ma ta tura shi ƙasa. Ruwan wanke-wanke take zuba musu. Ba layi, ba awo. In na wuce in ce, "'Yar Bana, dajin naki yaushe za a saki kuraye?" Ta ce, "Ranar da sojojinka suka yi ganye, Maigida."

Damina ta huɗu na ɗauki kwando na kwashe ƙasar gishiri kamar yadda ta faɗa tun farko, ban yarda mun haɗa ido ba. A raminta na roƙi dashe. Da shi na cike sanƙo: tsamiya biyu, mangwaro, kanya, na ƙara da madaci uku nawa don kada a ce na sallama gaba ɗaya. Sanƙo da rami suka haɗe suka zama kurmi guda. Ka san shi, a cikinsa ka girma, a kan kanyar nan ka karya haƙori. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda wurin ya cika da kansa. Ba mu gayyaci kowa ba. Zuma ta zo, Kimba ya rataya amya. Kurciya da hasbiya suka zo, ƙananan tsuntsaye suka shiga tsince tsutsar da ke cinye zogale. Shara ta daina wari, don ba mai zubar da ita inda yake shimfiɗa tabarma. Wata safiya ta ƙarshen bazara na ɗaga kai na ga shamuwa a kan madaci da kara a bakinta. Na shiga soro na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Inna.

In an ba ka fili a ce za a dasa, ka fara tambayar mata. Su suka san ganyen da ke shiga tukunya da saiwar da ke kwantar da ciki. Itace iri ɗaya a jere yana da kyan kallo daga taga, amma unguwa a cikin cakuɗaɗɗen take samun abin bakinta.

Saura ta bara. Kana lakwal a Doso, labari ya iske ka guntu-guntu, kuma uwarka ta hana a gaya maka na kwana a kaso, gidan kurkuku. Ga yadda aka yi.

Aka ce kamiyon gyaɗa sun yi yawa, za a faɗaɗa hanya ta miƙe sak zuwa mashigar gulbi. Wata safiya na fito na ga Bature mai awo da tafintansa da mai gwangwani. Kurminmu da madacin Kimba duk an shafa musu ja. Ban yi sallama ba, ban tambaya ba. Na fizge gwangwanin na juye shi a ƙasa, na zagi mai riƙe da shi har kakanninsa, bawan Allah, ɗan wani ne kamarka, aiki aka sa shi. Aka rufe ni kwana uku. Da na fito na tarar an sare biyu daga madacin Kimba, manyan nan na farkon layi. Ina ciki ina jin kaina namiji, gatari na waje yana aiki. Kuma ba nawa aka sare ba, na mutumin da ya shayar da nasa da ruwa mai daɗi ne.

Na iske shi zaune a kan kututture. Ya ce, "Fofo, sannu, sarkin yaƙi. Ka gama?"

Na ce, "Na gama."

Ya ce, "To zauna mu yi abin da masu hankali ke yi, ko da yake ba ka saba ba."

Muka zauna har hantsi ba mu ga mafita ba. Sauran itatuwan za a sare su bayan ranar kasuwa. Uwarka tana tankaɗe a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Mutanen nan da sanyin safiya suke zuwa, kafin rana ta yi zafi sun koma gida. Sun taɓa ganin wurin nan da azahar?"

Muka dubi juna ni da Kimba. Gaskiya ne. Lokacin da suke awo kowa na gona ko gulbi ko bakin murhu, kurmi ba kowa sai kaji. A takardarsu fili ne da itatuwa suka tsaya a banza.

Na sa rigar salla na tafi biro. Na durƙusa a gaban Baturen, abin da ban taɓa yi da son raina ba. Na ce wa tafinta, "Ka gaya masa na yi laifi, na zubar masa da fenti. Ka gaya masa ban zo roƙon a bar ko reshe ɗaya ba. Abu guda nake so: ya sake awon ranar kasuwa, da rana tsaka, kuma ya zo a ƙasa."

Tafinta ya ce, "Baba, Nasara ba ya fita da rana tsaka."

Na ce, "To ka tambaye shi ko tsoronta yake ji."

Ya ce, "Baba, ni ina da iyali."

Na ce, "Faɗa masa. In an rufe ka, na san wurin, zan nuna maka lungun da ba kuɗin cizo."

Ya faɗa. Ban san yadda ya juya ta ba, na dai ga Baturen ya yi ja har kunne, sannan ya fashe da dariya, ya ce zai zo.

Ya zo kuwa. Tsakiyar bazara ce, iska ko ɗis. Ya gangaro daga tudu, ya ratsa ta inda aka sare madacin Kimba, rana ta samu kafa ta sauka a kansa. Kafin ya iso ƙofata rigarsa ta manne da bayansa. Da ya shigo kurmi sai ya tsaya, ya cire hula.

Allah shaida ne, ban tara kowa ba. Abin da ke nan kowace ranar kasuwa shi ya gani. Matan Tunuga da busasshen kifi, matan Bengu da muruci, Fulani da ƙwaryar nono. Wanzami na aski a gindin mangwaro. Masu jiran lokotoro sun kwanta a tabarmi da marasa lafiyarsu, don barandar asibiti ba ta ɗaukarsu. Masu saƙar tabarma, tsofaffi a kan dara, jarirai na barci a kan zannuwa. Sama kuma tsuntsaye na ta hayaniyarsu kamar su ma kasuwa suke ci. Uwarka ta miƙa masa ruwan randa da ta jiƙa tsamiya ta sa zuma. Ya shanye, ya tambaya daga ina. Ta nuna masa sama da yatsa, tsamiyar tana nan bisa kansa, amyar Kimba na can a reshe.

Can gefe kamiyo uku na tsaye a inuwa, na Alhaji Namata mai fataucin goro, wanda ya fi kowa son a miƙe hanyar. Baturen ya sa aka kira shi, ya ce ai domin irinsu ake aikin, me ya gani. Alhaji ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hanya kam muna so. Amma in ana jiran jirgin fito, a nan muke ajiye motoci. Goro in ya sha rana daga azahar zuwa la'asar ya tashi aiki. Taya ma fashewa take."

Na ce, "Alhaji, ashe kana da baki."

Ya ce, "Baba Arzika, bari dai."

Baturen ya zagaya bayan unguwa, ya dubi tudun nan da ba komai sai tsakuwa da tumfafiya. Ya dawo ya zauna a kan turmin uwarka, ya ɗora takarda a gwiwa ya yi ta zane. Can tafinta ya miƙe ya ce, "Ya ce hanya za ta karkata ta bayan unguwa. Ya ce ta ƙara tsawo, kuma na sama da shi zai yi masa faɗa."

Na ce, "Ka ce masa in an kore shi ya zo, akwai inuwa."

Auta, da ka ji guɗa ranar! Har masu jirgi a gulbi suka ɗauka biki ake. Kimba ya tashi ya yi rawa da gurguwar gwiwarsa, ya faɗi, ya sake tashi. Kafin la'asar mun fito da wuƙaƙe muna kankare jan fenti. Mai gwangwanin nan da na zaga ya zo ya karɓi wuƙa ya taya mu, na riƙe hannunsa a gaban jama'a na roƙi gafara. Yanzu kamiyo na bi ta baya da ƙurarsu da ƙararsu, kurmi na tsaye ko ganye bai ragu ba. A gefen kututturen Kimba na dasa biyu, ni nake ba su ruwa. Kullum sai ya tsoma yatsa a tulu ya ɗanɗana.

To ka ji. Na san kai ƙarami ne a biro, ba kai ke zana layi ba. Ban ce ka zubar da fenti ba, na gwada, itace biyu na jawo wa maƙwabcina. Abin da nake so, duk inda aka ce gobe za ku yi awo, kai ka je yau da rana tsaka, kai kaɗai, a ƙasa. Ka yi sallama, ka zauna, in an ba ka ruwa ka sha. Ka ga masu zama da masu sheƙa. Sannan ka gaya wa na sama da kai abin da ka gani, cikin ladabi. In bai ji ba ka sake faɗa. In ya ji, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ka shafa fentin, amma ka san sunan tsohuwar da za ta rasa wurin zama, kuma ka je ka faɗa mata da bakinka kafin gatari ya iso.

Uwarka ta ba Alhaji Namata ƙulli ya kawo maka: ƙwallon giginya da 'ya'yan tsamiya da zogale. Ka binne su a gidan da ka sauka. Kada ka ce gidan wani ne, kada ka ce ba za ka daɗe ba. Ruwan alwalarka ya ishe su.

Kuma in wata rana aka aiko ka Gaya da gwangwanin nan, ka zo, ƙofa a buɗe take. Ka ci tuwon uwarka, ka huta. Da azahar ka fito, za ka same ni zaune a gindin tsamiya ta dama, sai mu yi magana ni da kai.

Allah Ya tsare mini kai fita da shiga. Ya sanyaya maka rana, Ya sa hannunka ya zama na albarka ga mutane da dabbobi da tsuntsaye. Ya dawo da kai muna raye, in kuma mun riga ka, Ya sada mu a inuwar da ba ta gushewa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Arzika.
Ga yatsana a ƙasa. Wassalam.